Rasuwar Mai-Ido-Uku, Kyamarar Awon Shagonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da zargin da ya hana ni sakat, nake sanar da 'yan uwa, teloli abokan sana'a da masu kawo mana ɗinki rasuwar kyamarar awon shagonmu, wadda aka fi sani da Mai-Ido-Uku. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a tsaye kan sandarta, bayan gajeruwar jinyar da ban yarda daga sama ta faɗo ba.

Marigayiya ta shekara biyu tana auna mutane ba ta taɓa jikin kowa ba. Takan watsa wa mutum ɗigo-ɗigon hasken infared, wanda ido ba ya gani, ta duba nisan kowane ɗigo, sai ga kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu sun fito a kwamfuta. Ba ta da surutu. In an kunna ta, ta ce ƙit, fankarta ta ɗauki ƙirrr, shi ke nan. Ba ta kuma san kara ba: mai tumbi ko ya riƙe numfashi har idonsa ya fito, tumbinsa za ta rubuta. Mai irin wannan hali ba ya rasa maƙiya.

Ni na raine ta. Da ta zo, hotunanta baƙi ƙirin suke fita kamar gindin tukunya. Na koyi ƙara musu haske a hankali, na koyi ɗora hoto goma a kan juna har tsakuwar da ke cikinsu ta kwanta, na rufe taga da baƙin yadi don rana tana shanye mata ɗigo. Ina ƙaunarta, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Ranar Asabar lafiya lau muka rabu. Litinin da safe wata farar yana ta rufe mata idanu, ɗigon suka narke suka haɗe. Ta auna wani siririn malamin makaranta ta ba shi kafaɗar ɗan kokawa. Fankar ta ce ƙir, ƙir, ta yi shiru. A gaban kowa na rantse cewa duk mai hannu a ciki zai tattara almakashinsa ya bar shagon nan.

Na fara da ƙanwata mai guga, wadda na sha hana ta kawo tururi kusa da marigayiya, ta kuma cika yawan share hawaye. Na koma kan mai yanka, wanda na kama yana fito tun gawa ba ta huce ba. Baba kuwa, da ya kafa shagon da keken ɗinkinsa ɗaya, shekara biyu bai taɓa kallon inda take ba. Baƙuwa yake ce mata, tef ɗinsa na awo yana rataye a wuya babu mai nema.

Sai na tuna marigayiya takan ajiye hoton duk wanda ya tsaya gabanta. Na buɗe na ƙarshe kafin na malamin makarantar, na Lahadi da rana, lokacin da shago ke rufe. Fari fat, don mutumin ya matso mata ƙwarai. Na rage haske, na ɗora hotuna, na sake ragewa. Hannu ya fito, riƙe da 'yar kwalbar man keke mai dogon baki. Sannan wuya ya fito, da tef a rataye.

Na same shi yana zura zare. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kai, ɗan nan, baƙuwarka na ji tana ƙirrr kamar mai ƙishi. Abin da ke ciyar da gidana ba ya bushewa ina raye. Kowace kafa sai da na ɗiga mata." Shekara arba'in yana zuwa ran Lahadi yana shayar da kekunansa mai. Wannan ne karo na farko da ya sa ta a layi.

Marigayiya ta bar kwamfuta ɗaya da ke takaba, waya biyu, sanda mai ƙafa uku, da masu tumbi da dama da ba su iya ɓoye murnarsu ba. An rufe bincike. Ƙanwata da mai yanka su yi haƙuri, ko da yake fiton nan har gobe ban gane masa ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a durowar ƙasa, kusa da matattun kwarkwaron keke. Baba ya ɗinka likkafani da ragowar farin yadi, shi ya auna ta da hannunsa, ya kuma zauna mata cif. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma kada a kawo mini ko ruwa: ina azumin kaffarar rantsuwata, kwana uku, Baba kuma yana nan a kan kekensa.