Yadda Za Ka Ciyar da Unguwa da Gida Ɗaya Tak

Kullum ana cewa gine-gine suna samar wa jama'a aikin yi. Gaskiya ne, sai dai ba a ƙarasa maka zancen: ranar da gida ya kammala, ranar aikin ya mutu. Shagona na ƙusa da makullai yana kallon wani gini da aka fara tun yarana suna firamare. Yanzu sun fara gemu, kuma ban taɓa ganin leburan wurin ya wuni hannu sake ba. Mai ginin muna ce masa Mai Fili, don har yau bai kai a ce masa mai gida ba. Na daɗe ina zaune ina sauraro. Bi matakan nan nasa, na yi maka alkawari ba maginin da zai ƙara zaman banza a unguwarku.

1. Samo wanda za ka yi wa alkawari

Gini yana son dalili mai taɓa zuciya, kuma babu kamar mahaifiya. Ta Mai Fili tana gidan haya, a can hawan sama. Gwiwoyinta sun ɓata da matakala, har ta daina saukowa sai in asibiti za a je. Buƙatarta ɗaya ce: ɗaki a ƙasa, wanda in ta buɗe ƙofa ƙafarta za ta taka ƙasa.

Kai ma ɗauko taka, ka tsayar da ita cikin ciyawa, ka zana mata ɗaki da bakin takalminka. "Inna, nan ne naki." Za ta sa maka albarka. Adana albarkar da kyau, za ta yi maka shekaru.

2. Kada ka yarda da zanen gini

Zane abokin gaban lebura ne, don yana nuna inda aiki zai tsaya. Kai bar naka zanen a cikin kanka, shi kuwa kai juyawa yake yi. Duk gidan abokin da ka shiga, ka dawo da sabon tunani. Yau tagogi sun yi ƙanƙanta. Gobe kicin ya juya wa falo baya.

Duba albarkar katanga ɗaya. Wanda ya gina ta ya ci abinci. Wanda ya rushe ta ya ci. Mai baron da ya kwashe ɓaraguzai ya ci, mai bulo ya sake bugawa, mai tifa ya sake juye yashi. Ni kaina ba na rasa cinikin ƙusa. Mutumin da ya gina katanga sau ɗaya ya bar ta tsaye, ka tambaye shi me talaka ya yi masa.

3. Haddace "saura kaɗan"

Kalmomi biyu ne, ba sa tsufa, ba sa buƙatar siminti. Na sha jin Mai Fili yana amsa waya a bakin shagona:

"Inna, ai saura kaɗan."

"Ɗan nan, bara ma kaɗan ɗin ne ya saura. Shi ba ya raguwa?"

"Aikin inganci ake yi miki."

"To, Allah ya nuna mana."

In ta ce haka, ka amsa da amin mai ƙarfi, ka kashe waya.

4. Yi hattara da ɗakin da ya kusa ƙarewa

Magini ɗan Adam ne, yana iya yin sakaci ya gama abu. Haka ta faru a filin nan. Mai Fili ya yi tafiya, kafin ya dawo an rufa wa ɗakin tsohuwa kwano, an yi filasta, kafinta har ya sa ƙofa. Fenti kawai ya rage.

Bai ruɗe ba. Ya shiga, ya buɗe hannuwa, ya girgiza kai. "Uwata ba za ta zauna a akurki ba. Ranar Litinin a ture katangar nan a faɗaɗa."

Labari ya hau bene ya sami tsohuwa. Ta sa aka kira shi. "Gado ne da ni da akwati ɗaya," in ji ta. "Rawa zan yi a ciki? Ka bar mini shi haka, don Allah." Sai ta share ido da gefen mayafi. Nan ne raunanan masu gini suke faɗuwa, kuma shi ma zuciyarsa ta karaya.

5. In tausayi ya kama ka, rubuta saƙo, kada ka kira

Ga inda ilimi yake da rana. A baki, fasa ta guduma daban, fasa ta barin abin da aka yi niyya daban: ɗaya gajera, ɗaya ana jan ta. A rubuce kuwa tagwaye ne. Mai Fili ya tura wa magini saƙo ta waya: "Ɗakin Inna, a fasa." Nufinsa a bar katangar yadda take.

Da hantsi ya iso, ya tarar da sararin sama a inda ɗaki yake, leburori fari fat da ƙura, suna hutawa a kan tulin bulo.

"Me na ce muku?"

Magini ya zaro waya ya miƙa masa. "Yallaɓai, ga shi. A fasa."

"A fasa nake nufi! A fasa!"

"To ai mun fasa."

"Ba waccan ba!"

"Yallaɓai, tun da muka fara aikin nan ba ka taɓa nufin ɗayar ba. Yau ta ina za mu gane?"

Wani lebura ya ce daga baya, "Oga, ka kwantar da hankalinka, bulon da yawa bai mutu ba." Ka ga riba: ka yi wa uwa biyayya, kuma aiki bai tsaya ba.

6. Ma'aikaci na ƙarshe, ɗauko shi daga gida

Ba a daɗe ba mai gadin filin ya ajiye aiki, ya koma wani gida mai mutane a ciki. Ƙaramin ɗakinsa na bakin ƙofa shi kaɗai ne mai rufi, don ba wanda ya taɓa ganin darajarsa balle ya gyara shi.

Wata safiya mota ta tsaya. Aka sauke gado, akwati da kujerar roba, sannan aka riƙo tsohuwa. Ta taka ƙasa, ta daɗe tana kallon ƙafarta. Tun ranar tana zaune a bakin ƙofa, leburori suna durƙusawa su gaishe ta, ko rodi ɗaya bai ƙara yin ƙafa ba.

Da labari ya same shi, Mai Fili ya zo a guje. "Haba Inna! Ɗakin mai gadi? Me mutane za su ce?"

"Su ce ka samar wa uwarka aiki."

"Ki yi haƙuri ki koma. Naki fa saura..."

"Na sani, ɗan nan," ta ce, tana gyara zamanta a kujera. "Ni ma saura kaɗan."

A kula: mai wannan bayani ƙusa kawai yake sayarwa. Ba ruwansa da gwiwar kowa, ko hawayen kowa, ko abin da zai hana ka barci daga baya. In ka karanta har nan kana shirin farawa, shawarata ta ƙarshe ita ce a fasa. Kai ka san wacce za ka karanta.