Sarkin Kwana Ya Je Neman Lasisi

Idan ana maganar tuƙi, duk mai hankali sai ya ja bakinsa ya ba Sarkin Kwana wuri. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana murza sitiyari a ƙasarsu kafin neman abinci ya kawo shi wannan ƙasa da iyalinsa, kuma a tsawon shekarun nan, in ji shi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Awaki biyun da ya buge ba sa cikin lissafi, domin su suka shigo masa. Sunan ma ba shi ya raɗa wa kansa ba. Jama'a ne suka ga yadda yake shan kwana ba tare da ƙafarsa ta kusanci birki ba, suka ba shi sarautar. Jama'ar duk suna can gida, ba a samu jin ta bakinsu ba, amma shi da kansa ya tabbatar da labarin.

A nan kuwa, a wani kamfanin wankin zannuwan gado na otal-otal yake aiki. Yakan kwaso su daga inji, ya loda a kwando mai taya, ya tura wa masu guga. Ko kwandon nan ba ya tura shi kamar sauran bayin Allah. Sai ya yi ribas da shi, ya karya, ya cusa shi tsakanin injuna biyu, sannan ya waiga ya ga ko an lura.

Ranar hutu, majalisarsa shagon mai aski. Nan yake yi wa duniya gyara.

"Ku dubi ƙasar nan don Allah," in ji shi, yana zaune an ɗaura masa ƙyalle a wuya. "Yaro ɗan shekara goma sha bakwai, bai san warin kuloci ba, a ɗauki lasisi a miƙa masa don ya latsa kwamfuta. Ni ina da shekara goma sha biyu na fara jan tifa, a kan filo biyu nake zama don in hango titi. Da da ni ake shawara, ba mai taɓa mota sai ya cika talatin."

Mai aski ya ce, "Yallaɓai, to ya za mu yi da sha biyun taka?"

"Ni daban ne," in ji Sarkin Kwana, ya rufe ido aka ci gaba da aski.

Ana haka direban motar da ke kai zannuwa otal-otal ya yi ritaya. Manaja ya ce duk ma'aikacin da ya kawo lasisin ƙasar nan cikin wata biyar, kujerar tasa ce, da ƙarin albashi. Sarkin Kwana bai bari an gama sanarwar ba ya fara karɓar barka. Washegari ya sa hularsa ta fita kunya, ya nufi ofishin lasisi da tsohon katinsa na gida, wanda hoton jikinsa ke da gashi cunkus.

Matar da ke bayan gilashi ta juya katin gaba da baya, ta ce ba a musanya irin wannan. Sai dai ya faro daga tushe: gwajin ido, jarrabawar dokokin hanya, makarantar tuƙi, sannan gwajin titi. Kowanne da kuɗinsa.

"Baiwar Allah," in ji shi, "lokacin da aka ba ni wannan kati ba a haife ki ba."

Ta yarda da hakan, ta turo masa fom.

A watan ne autarsa ta cika shekara goma sha bakwai, ta ce ita ma za ta yi rajista da ɗan abin da take samu a kantin da take aikin ƙarshen mako. Saboda girman zuciya irin tasa, ya amince. "Ƙyale ta ta je ta ga yadda duniya take," ya gaya wa matarsa. "In ta faɗi sau biyu uku, ni zan zaunar da ita in koya mata." Shi kuwa don kada lasisi ya zo ya tarar ba a shirya ba, ya kwashe ajiyar gidan ya sayi mota ta hannu, ya sa aka kawo ta ƙofar gida. Nan ta yi ta kwana wata da watanni, har maƙwabta suka ce sai yanzu suka gane ma'anar sarautar.

Auta ta kawo littafin dokokin hanya. Ya ɗaga shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya mayar mata. A ɗakin jarrabawa kwamfuta ta tambaye shi abin da direba zai yi idan mai tafiya a ƙasa ya sa ƙafa a wurin tsallakawa. Ya duba amsoshi huɗun sama da ƙasa, bai ga "danna ham" ba. Ya ɗaga hannu ya sanar da mai sa ido cewa na'urarsu ta lalace. Auta ta ci a ranar. Shi ya faɗi, ya kuma bayyana wa shagon aski cewa jarrabawar ta masu hadda ce, ba ta masu sani ba. A karo na biyu ya haye, bayan sati uku da matarsa ta riƙa lura cewa littafin Auta na ɓacewa duk lokacin da maigida ya shiga banɗaki.

Makarantar tuƙi kuwa, awa ɗaya tana lashe ladan aikinsa na yini guda. Bai bari kuɗin sun tafi a banza ba. Ya koya wa malamin yadda ake canja giya da kunne, da yadda ake sauka gangare da injin a kashe don tattalin mai. Malamin mutum ne mai haƙuri. Bai taɓa musu ba, tunda da awa ake biyan sa. Ƙafarsa dai ba ta barin birkin da ke gefensa.

Gwajin titi na farko minti shida ya ɗauka. Sarkin Kwana ya ɗora gwiwar hannu a taga, ya riƙe sitiyari da yatsu uku, ya shiga shataletale yadda aka san shi. Mai gwaji ya taka birki, ya ce su koma. "Tsoro ya ji," in ji Sarkin Kwana da ya dawo gida. "Bai taɓa zama kusa da direba ba." Aka ba shi wata rana bayan sati goma, ya sake biya. A na biyu ya ga ya kamata ya nuna tarbiyya, ya shiga gaida mai gwaji, ya iyali, ya yara, ya gajiya, yana kallon fuskarsa kamar yadda ladabi ya tanada, har suka wuce alamar tsayawa ba a kai ga tambayar mutanen gida ba.

Kafin na uku wata biyar sun cika. Kujerar direba ta faɗa hannun wata mai guga, wadda ta yi lasisinta shiru ba ta gaya wa kowa ba. Sarkin Kwana ya ce dama bai so ba, motar ba ta da ƙarfi. Amma a ranar, a miƙe ya tura kwandonsa, bai yi ribas ba ko sau ɗaya, kuma abincin da ya zo da shi haka ya koma gida ba a buɗe ba.

Auta ta ci gwajinta tashin farko. Uwarta ta ce ba za a zuba wa mota ido tana tsatsa ba, aka yi inshora da sunan yarinyar, suka riƙa zuwa kasuwa da asibiti. Shi bai taɓa shiga ba. Bas yake bi, yana zaune bayan direba yana girgiza kai.

Sai a gwaji na biyar, wata goma sha huɗu da fara wahalar, ya riƙe sitiyari hannu bibiyu, ya duba madubi har wuyansa ya ƙage, ya tsaya wa wata tsohuwa da ba ta ma yi niyyar tsallakawa ba. Ya ci. A shagon aski ya ce hukuma ta gane kurenta.

Da katin ya iso, ya tasa Auta gaba zuwa ofishin inshora don a mayar da mota hannun mai ita. Ma'aikacin ya tambayi shekarun da ya yi da lasisi.

"Talatin da biyu," in ji Sarkin Kwana, yana gyara zama. "Tifa, tirela, bas, ƙaramar mota. Rubuta duka."

Ma'aikacin ya duba katin, ya rubuta kwana tara. Ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna masa abin da sabon direba zai biya in shi kaɗai ne a takarda. Sarkin Kwana ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Lambar ba ta ragu ba.

"Akwai sauƙi," in ji ma'aikacin. "Idan da wanda ya fi ka daɗewa da lasisi a gidan, sai motar ta zauna da sunansa, a ƙara ka a ƙarƙashinsa. Akwai?"

Auta ta ɗaga yatsa a hankali.

Ma'aikacin ya duba tarihinta, ya yaba, ya nuna wa Sarkin Kwana layin ƙasa inda aka rubuta "ƙarin direba", ya sa shi ya rattaba hannu. Sannan ya ɗauko takardar mannawa ta sababbin direbobi ya miƙa wa Auta.

"Ki manna masa a gilashin baya. Ki kuma sa masa ido watannin farko. In ya nutsu, baɗi za mu rage miki."

"Zan yi bakin ƙoƙarina," in ji Auta, tana saka takardar a jaka. "Baba yana da ƙwazo. Gyara ne dai ba ya so."