Situdiyon Zubairu A Cikin Rumbu

"Aradu duk ƙasar Sakkwato babu maƙogwaro irin nawa! In nab buɗe shi, ko jaki na tahiya sai ya tsaya shi saurara."

Zubairu ke nan, a teburin mai shayi a Bodinga, yana kurɓar shayin da wani ya saya masa. Mai karatu, in ba ka san shi ba kada ka damu, ba kai kaɗai ba ne. Shi ne mutumin da ya wayi gari ya naɗa kansa mai sayar da murya: ka ba shi tallarka ko sanarwarka, ya karanta, ya naɗa a waya, ya turo maka. Har shafi ya buɗe a Fesbuk, ya raɗa masa suna Maƙogwaron Zinare. A hoton shafin yana sanye da kwat ɗin aro da abin saurare a kunne, igiyar tana lilo ba ta jone da komai ba. Masu bin shafin kuwa, akwai shi kansa, akwai matarsa Safinatu, wadda shi ya ɗauki wayarta ya danna mata, sai wani mai maganin basir da ke bin kowa.

Kayan aikin ma abin kallo ne. Waya ce mai tsagaggen gilashi, da ɗan makirufo kamar ƙwayar goriba, wanda ya sa wa safa don tare iskar baki. Safar ba sabuwa ba ce, kuma ba wankakkiya ba.

To, Zubairu yana da kawu a Mandera, can ƙasar Shagari, Alhaji Haliru, babban manomin albasa, wanda shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Alhaji ya gaji da jin labarin maƙogwaro, ya aika aka kira shi.

"Zubairu, wai mi na na aikin ga naka? Magana? Kowa na magana, ba a biyan shi."

"Kawu, zamani na. Yanzu murya ita ta jari."

"To madalla. Ran Asabar zan buɗe sabon shagon taki da irin albasa nan ƙohwar gida, a yi walima bayan Azahar. Ka yi min sanarwa, Maniru mai kabu-kabu shi zagaya da ita bisa babur da lasifika. Ban da kiɗi. In mutane sunka zo, in haɗa ka da shugaban 'yan albasa, duk sanarwar ƙungiya taka ta. In ko ba su zo ba, ga hwadama can tana jiran mai ban ruwa."

Duk duniya babu abin da Zubairu ke tsoro kamar fadamar nan. Ya dubi tafin hannunsa mai laushi, sannan ya buga ƙirji.

"Kawu, ka ƙara tabarmi. Wurin zama na za ya yi kaɗan."

Ya dawo gida ya rufe ɗaki, ya gyara murya. Yana cewa "Jama'a," zakara ya amsa. Ya kori zakara, injin niƙan maƙwabta ya tashi. Injin ya yi shiru, akuya ta karɓa. Ya lulluɓa da bargo don tare ƙara kamar yadda ya gani a bidiyo, zafin Bodinga ya fito da shi sharkaf yana haki. Ya tsaya tsakar gida yana fifita da kwali, sai idonsa ya faɗa kan tsohon rumbun ƙasa da ke bayan ɗaki. Ba taga, ba ƙofa, sai baki ɗaya a sama.

"Allahu akbar! Ashe kakanninmu sun riga Turawa gina situdiyo! Safinatu, kawo tsani."

"Malam, busasshen barkono na cikin nan, buhu-buhu."

"Barkono na magana?"

"A'a."

"To kawo tsani."

Ya hau, ya zura ƙafafu, ya dira kan buhuna, Safinatu ta rufe bakin da faifai. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, wurin shiru ne, ko zakaran ba a ji. Sai dai dirar da ya yi ta tayar da ƙurar barkono, ita kuma ba ta da hanyar fita sai hancin Maƙogwaron Zinare. Kafin ya danna waya idanu sun kawo ruwa, hanci ya ɓalle, murya ta kama rawa. Mai hankali da ya fito. Gogan naka ya ce gwani ba ya barin fage, ya ci gaba da karatu yana jan majina.

Ga kuma wata hikimar da ya tsinto a intanet. Wai kada ka gaya wa mai sauraro abin da kake talla tun farko, ka ja masa rai, sai can ƙarshe ka fasa ƙwan. Saboda haka ya tura maganar shago da walima can wutsiyar sanarwa, ya cika gaba da yabon kawu.

Da ya fito, ido jawur, ya zauna da wayar, ya yanke atishawar da ta shiga cikin abin da ya naɗa, ya ƙara wa muryar kauri, ya rage mata sauri don ta yi nauyi irin ta manyan rediyo. Ya kunna wa Safinatu. Muryar ta fito kamar daga ƙasan rijiya, tana karkarwa:

"Jama'ar Shagari... jama'ar Bodinga... Allah mai iko... Alhaji Haliru Mandera... Alhaji Haliru da kunka sani... mutumin kirki, mai zumunci, wanda bai taɓa hana maƙwabci iri ba..." Nan sai shessheƙa. "Ana roƙon 'yan'uwa da abokan arziki... su hallara ƙohwar gidanai... yau bayan sallar Azahar..."

Safinatu ta dafe ƙirji. "Malam, ni dai gabana ya hwaɗi."

"Yawwa! Abin da aka so ke nan. Ta shiga jiki."

Ranar Asabar da hantsi Maniru ya ɗaure lasifika a bayan babur, bakinta na kallon baya, ya naɗe kunnuwa da rawani saboda ƙura, ya ba da wuta. Maniru kuwa bai san tafiya a hankali ba, ko amarya ya ɗauko. Duk inda ya ratsa, abin da mutane ke samu shi ne sunan Alhaji, da yabo, da kuka, da "bayan sallar Azahar". Kafin a kai ga shago, babur ya kai wani ƙauyen.

A ƙasar nan kuwa kowa ya san lokacin da ake jero halayen kirkin mutum a lasifika ana kuka. Mata suka saki taɓare suka ɗauki salati. A Shagari 'yan albasa suka rufe buhuna. Aka yi ta kiran wayar Alhaji, ita kuma tana cikin gida a jone da caji, shi yana shago yana jera kaya, rashin ɗaukar ya ƙara tabbatar da zance. Wani a Sifawa ya rantse tun makon jiya ya ga Alhaji ya rame. Kafin Azahar ƙofar gidan ta cika maƙil, har da samari riƙe da diga da shebur suna tambayar inda za a haƙa.

Ana cikin haka Zubairu ya sauka daga mota da kwat ɗinsa na aro. Da ya ga taron, sai da ya yi tsalle. Ya ɗaga waya ya shiga Fesbuk kai tsaye.

"Ku dubi jama'a! Ku dubi aikin maƙogwaro! Har kuka sukai don daɗin murya!"

Daidai nan ƙofar shago ta buɗe, Alhaji Haliru ya fito cikin sabuwar babbar riga fara fat, yana murmushi, ya ɗaga hannu zai yi maraba.

Wayyo, mai karatu, ina ma kana wurin! Sahun gaba ya watse, aka bar takalma. Wani tsoho da ya zo da sanda ya manta da ita. Yayar Alhaji, Hajiya Mairo, wadda ta taso daga Dingyaɗi ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba, ta tsaya tana ƙifta ido, ta matso ta taɓa hannunsa, ta ji ɗumi.

"Haliru! Kai na? To wa yar rasu?"

"Rasuwa? Shago nika buɗewa, Yaya!"

Sai ga Maniru ya dawo, ya tsaya, ya kashe babur, lasifika kuwa tana ta kukanta. A karon farko jama'a suka ji sanarwar har ƙarshe, Alhaji ma ya ji yadda aka yi masa. Duk idanu suka juya kan mai kwat, wanda har yanzu wayarsa ke sama tana nuna wa duniya.

Shugaban 'yan albasa ya share hawaye da bakin rawani, ya ce, "Yaro, kana da baiwa. Ni da Haliru kullum cikin gardama muke, amma yau ka sa ni kuka. Sai dai kak ka kusanci albasarmu da muryar ga."

Zubairu ya ga aiki na sulɓewa, ya durƙusa gaban kawunsa.

"Kawu, alƙawari dai. Cewa kay yi in mutane sunka zo. To ga su, har sun yi yawa."

Alhaji ya dube shi tun daga kwat har takalmi, ya gyara babbar riga.

"Wanda yay yi maka alƙawarin ai ya rasu da hantsi, kai da bakinka kas sanar. Ni magajinai na. Abin da yab bar min kuwa, hwadama ta da mai ban ruwa guda. Gobe da sahe ka tuɓe kwat ɗin mutane, in ishe ka cikin laka."