Malam Ba-Ta-Yi-Ba Ya Kama Haya a Zawaciki

Idan ana maganar ido mai gani, duk Sharaɗa babu na biyun Malam Muhyiddeen. Shi ne mai duba ingancin kaya a wani kamfanin roba, kuma babu butar da za ta fita kasuwa sai ta bi ta gabansa. Ya ɗaga ta sama, ya kanne ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa mata gindi, sannan ya yanke hukunci: "Ba ta yi ba." Da haka ma'aikata suka raɗa masa Malam Ba-Ta-Yi-Ba. Shi kuwa ya ɗauki sunan lambar girma, har amsawa yake yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Lokacin da zai bar gidan hayarsa na Ɗorayi, mai gidan ya cinye kuɗin ajiyarsa, wato kuɗin da ake riƙewa ko ɗan haya zai yi ɓarna, a kan wata tsagar bango da ta girmi aurensa. Mutumin da ke hango huji a bokiti daga bakin ƙofa, ga shi tsagar bango ta wuce shi. Saboda haka da ya samu ciki da falo a Zawaciki, ya rantse ba zai shigar da ko cokali ba sai ya rubuta duk wani aibin gidan an sa hannu. Kuɗin ajiyar wannan karon ma ba nasa ba ne. Matarsa Aina'u ce ta sayar da keken ɗinkinta, bayan ya tabbatar mata cewa kuɗi a ƙarƙashin kulawarsa ko ƙwandala ba ya ciwon kai.

Ranar Asabar da hantsi suka iso da kaya a bayan a-kori-kura. Malam ya sauko cikin farar rigar aikinsa, biro uku a aljihu, tocila a hannu ɗaya, littafi a ɗaya. Mai gidan, Hajiya Hajjo, tsohuwa ce 'yar asalin Challawa wadda gonar marigayi mijinta ta koma gidajen haya. Tana zaune a inuwar katanga tana ɓarar gyaɗa.

Bayan gaisuwa ya gyara murya. "Hajiya, kada ku ɗauka rashin yarda ne. Sana'ata ce. A kamfani ko manaja ba ya sa hannu sai ya ga nawa."

"Duba abinka, ɗan nan," in ji ta.

Ya miƙa wa Aina'u waya ta riƙa ɗaukar bidiyo, ya fara aiki. Fentin falo fari ne, amma ba farin da ya kwanta masa ba. Ya rubuta. Ƙusa uku a bango, ɗaya a karkace. Ya rubuta. Ya durƙusa ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da biro, kunnensa a ƙasa, har ya samu wanda sautinsa ya bambanta da na 'yan uwansa, ya yi masa da'ira da alli. Ya tsinci mataccen sauro a ragar taga, ya sa aka ɗauke shi ta fuska biyu.

"Baban Khadija," Aina'u ta ce a hankali, "direba fa yana ta hon, rana kuma tana dukan katifa."

"Gaggawa ce ta kashe mu a Ɗorayi," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Sai da aibi ya kai ashirin da uku sannan aka zo banɗaki. Ya buɗe famfo, ya taɓe baki, ya rubuta cewa ruwan ba shi da ƙarfi. Daga nan ya juyo ya fuskanci waya kamar mai karanta labarai.

"Kuskuren talaka shi ne duba ƙofa daga waje. Masani daga ciki yake gwada ta."

Ya shige, ya tura ƙofa, ya murɗa makulli har sau biyu. Ya ɗan dakata don tarihi ya shaida, sannan ya mayar da makullin sau ɗaya ya ja. Ƙofa ta tsaya a inda take. Ya sake ja. Wani irin daɗi ya kama shi: yau ga aibi na gaske.

Hajiya ta taso tana karkaɗe zani. "Malam, makullin nan sau biyu ake..."

"Hajiya, ku bar wa masu ilimin abin."

Ta koma kan gyaɗarta.

Malam ya kafa ƙafa ɗaya a bango, ya kama mariƙin ƙofa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya finciko da duk ƙarfinsa. Mariƙi da kuba da rabin katakon ƙofa suka biyo shi. Ya tafi da baya ya zauna daram a kan kwanon wanke hannu, kwanon ya rabu da bango, bututu ya ɓalle. Ruwan da ya rubuta ba shi da ƙarfi ya dinga marinsa a ƙeya har sai da Aina'u ta zagaya baya ta rufe tanki.

Ya fito yana ɗiga. Tawadar biro uku ta zana taswira a farar riga, littafin aibi ya zama kunu. Ya dubi matarsa da fatan ko ta tuna ta kashe waya. Ba ta kashe ba. Shi ya ce kada ta kuskura. A ransa ya ce, yau da a gaban injin kamfani aka ɗaga shi sama aka ƙwanƙwasa, shi ma ya san hukuncin da zai yanke.

Hajiya Hajjo ta leƙa banɗakin, ta daɗe tana kallo. Ta zaro makullin daga guntun katakon da ke ƙasa, ta goge shi da gefen mayafi, ta miƙa masa.

"Sannu, ɗan nan. Ba ka ji ciwo ba dai ko?"

"Lafiya lau, Hajiya," ya ce da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba a Sharaɗa.

"To alhamdu lillahi. Shekara goma sha biyu ina ba da hayar gidan nan, ban taɓa taɓa kuɗin ajiyar kowa ba. Kai ne na farko, ga shi ko tabarma ba ka shimfiɗa ba."