Ranar da Na Kai Makewayi Falon Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da makon nan ba, don tun farkonsa gabana ke faɗuwa. Mijina, Baban Hadiza, yana zana wa mutane gida cikin ordinatar, wato kwamfuta, tun ba a aza bulo ba, ka juya gidan, ka cire rufi ka leƙa ciki. Lokacin yana kan gidan wani Alhaji dillalin shanu na Bonkuku, kuma aikin nan kaɗai ke hannunmu. In Alhaji ya ƙi, mun shiga uku. Tsorona ɗaya ne, kada Hadiza da ta fara tafiya ta kai hannu ga na'urar. Ko tuwo nake tuƙi, idona na kanta.

Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ina da kallo. Na lura in ya taɓa abu da suri, ɗan abin nan mai kama da ɓera da ake ja da hannu, sai gefensa ya yi ruwan lemo, ya zaɓe shi ke nan. In biyu yake so, sai ya danne wani maɓalli na hagu ya taɓa na biyun. In yana sauri kuwa, akwati yake ja ya kewaye abin, ya danna G, ya gusa shi. Akwatin nan ya daɗe yana burge ni.

Ranar da ya fita sayen esansi, wato man fetur, sai ga Alhaji da Hajiyarsa. Alhaji ya zauna waje, Hajiya ta shigo, na ba ta ruwa. Na'urar na buɗe, gidan na nan babu rufi, sai ta leƙa.

"Ɗiyata, wanga icce na bakin ƙohwa ya tare mani iska," in ji ta. "Kin iya gusa shi, ko sai maigida ya dawo?"

Da na ce sai ya dawo, da an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Na iya mana, Hajiya." (Wallahi ban taɓa riƙe suri ba sai in zan share ƙarƙashinsa.)

Na ja akwati, ƙato, don kada iccen ya kuɓuce mini. Ban tsaya duba mi da mi suka yi ruwan lemo ba. Na danna G, na ja. Iccen ya tafi. Ashe makewayin da ke kusa da shi ya shiga akwatin, har da buta. Suka taho tare, suka zauna tsakiyar falo, tsakanin kujeru.

Hajiya ta matso da fuska. "Ke! Nan baƙina za su zamna?"

Daidai nan Baban Hadiza ya yi sallama, Alhaji na bayansa. Alhaji ya dubi falon, ya dubi mijina. Ni kuwa ina ganin aikin ya tafi. Baban Hadiza ya danna maɓalli biyu, makewayi ya koma mazauninsa.

"Sake in gani," in ji Alhaji. Aka sake. Ya kaɗa kai. "Bara magini ya yi mani irin wanga kuskure, sai da munka rushe bango. Ci gaba da aikinka, yaro."

Hadiza da na yi ta tsaro, barcinta take a bayana, ba ta taɓa komi ba.

Yanzu na san akwati ba ya tambaya, duk abin da ya shiga cikinsa ya zaɓu, sai mutum ya duba kafin ya ja. Hajiya kuma ta baza labari. Don Allah, in kun gan ni kasuwar Filinge, Maman Hadiza nake, ku bar kirana Injiniya.