Rasuwar Baba Tsayayye, Ƙafafun Teburin Turare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi wanda girma ya hana a faɗa, Alhaji Abbagana Mai Turare na Sabon Layi, Mubi, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki rasuwar ƙafafun teburin shagonsa, waɗanda kowa a gidan ke kira Baba Tsayayye. Cutar da ta kashe shi ba a jikinsa ta fara ba. A jikin wani ta fara, sunanta son a gani: a shafe sama da mai, a bar ƙasa da Allah. Alhaji ya sa wannan a gaba ne don kada masu zuwa gaisuwa su wahalar da bakinsu da cewa kwana ne ya ƙare.

An haifi marigayi a Kolere, a rumfar Gabdo kafinta, tun gemun Alhaji yana baƙi wuluk. Katakon maɗaci ne, ƙafa huɗu da sanda a tsakiya tana riƙe da su, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ranar da aka ɗauko shi Gabdo ya yi wasiyya, ya ce, "Alhaji, wannan ɗan ɗaki ne. Kada ya ga ruwa, kada ya taka ƙasa. In na waje kake so, ga masu walda can." In kunne ya ji, jiki ya tsira. Alhaji ya yi masa takalma da gwangwanin tumatir huɗu, ya zuba baƙin mai a kowanne, kowace ƙafa ta zauna a nata. Duk farkon damina a ƙara mai. Abincinsa ke nan, suturarsa ke nan, bai taɓa neman ƙari ba.

Shaidar da za a yi masa mai kyau ce. Ya ɗauki tulunan turaren wuta da itacen sandal da kwalaben humra, turaren nan da Ya Rumasa'u mai ɗakin Alhaji ke haɗawa da hannunta, ta rufe wata da watanni kafin ya nuna. Kwalba ko ɗaya ba ta taɓa gangarowa daga kansa ba. Shekarar da gari ya watse aka gudu aka bar shaguna, da aka dawo an tarar an kwashe komai, shi kuwa yana nan tsaye cikin gwangwanayensa yana jiran mai shi. Maganarsa a duniya ɗaya ce, in an ɗora masa babban tulu ya ce "ƙiii", ya yi shiru. Akwai 'ya'yan mutane da ba su kai shi ladabi ba.

Rashin lafiyarsa ta soma ne da ciwon gwiwar Alhaji. Yazid, babban ɗan gidan, ya daɗe yana naci a bar masa makullin shago. Alhaji ya miƙa masa da sharaɗi: damina guda. In ta wuce shago lafiya, makulli ya zama nasa har abada, dattijo ya koma tabarma da carbinsa. In ba haka ba, makulli ya san hanyar aljihun da ya fito.

Shi kuwa Yazid ɗan zamani ne, a waya yake talla. Ya ce cikin shago da duhu, hoto ba ya fita. Ya jawo marigayi waje, ya dasa shi a kan ƙasa tsirara, daidai inda ruwan kwano ke sauka. Ya duba hoton, ya ce gwangwanaye sun ɓata shi, ya kwaɓe su ya watsa a lambatu. Ya sake dubawa, ya ce ƙafafun ma tsofaffi ne, ya sayo jan ƙyalle mai sheƙi ya lulluɓe su har ƙasa. Daga nan ya ɗora wa dattijon da aka cire wa takalma akwatin gilashi mai fitilu, wanda sai ƙarti biyu ke ɗagawa. Alhaji ya dogara sanda ya zo ya yi magana har yawunsa ya ƙafe. Amsar da ya samu ita ce, "Baba, yanzu ido ake sayar wa. Wa zai leƙa ƙarƙashin tebur?"

Ashe akwai masu leƙawa. Gara ba ta son ɗacin maɗaci, amma ruwan Mubi in ya sauko kamar an kwance bakin kogi, ba ya barin ɗaci a jikin katako. Ruwa ya jiƙa, ƙyalle ya hana iska, gara ta samu ɗaki da labule. Marigayi ya fara karkata gefe guda. Babban likita Yazid ya duba shi, ya naɗe kwali ya cusa a ƙarƙashin ƙafa, ya ce an warke. Murya ta sauya, "ƙiii" ta koma "ƙas-ƙas-ƙas" daga can ciki. Likita ya ƙara wa wayarsa ƙarar kiɗa. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle wanda ko sunkuyawa ba ya yi.

Ajali ya zo ranar Juma'a da hantsi, bayan ruwan safe. Hajiya Ummusalma ta taso tun daga Michika karɓar humrar bikin 'yarta, wadda Ya Rumasa'u ta haɗa tun kafin azumi. Maimakon a sa mata kayanta a kwali ta kama hanya, Yazid ya jera kwalaben duka a kan tebur, ya roƙi Hajiya ta tsaya a gefe a ɗauki bidiyo. Baiwar Allah ta ajiye jakar hannunta a kan marigayi don ta gyara mayafi. Ya ce "ƙiii" ta ƙarshe, ya durƙusa, sai "ɓaras!" Kalmarsa ta ƙarshe ke nan, kwalabe suka amsa masa gaba ɗaya. Hajiya ta dubi takalmanta, ta dubi yaron, ta ce, "Ɗana, wannan ma cikin tallan ne?"

Da aka yaye ƙyalle aka ga ƙafafu sun zama kamar karan dawa, fata a waje, ƙasa a ciki. Abin da ke sanyaya zuciya shi ne, tun da aka kafa Sabon Layi ba a taɓa fesa wa gawa turare irin nasa ba. Har yanzu masu keke suna rage gudu in sun zo lambatun ƙofar shago. Bidiyon kuma, an ce, ya samu 'yan kallo fiye da duk tallan da Yazid ya taɓa yi.

Marigayi ya bar matarsa Fuskar Tebur, wadda ta fito ko ƙwarzane babu, tana ta sheƙi kamar ba mijinta ne ya mutu ba. Ya bar ƙaninsa benci, da gwangwani ɗaya da aka tsinto a lambatu, da magada gara, waɗanda suka raba gado tun yana da rai. In Fuskar Tebur ta gama takaba za a haɗa ta da ƙafafun ƙarfe daga hannun Nicholas mai walda, masu faɗin tsayuwa, da fenti shafi biyu da takalman roba. Alhaji da kansa ya zaɓa, ya kuma sunkuya ya leƙa, da gwiwar tasa.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Yazid ya rasa kwalaben humra goma sha bakwai, da akwatin gilashi da fitilunsa, da jan ƙyalle. Ya rasa Hajiya Ummusalma da duk matan Michika da ke bin bayanta. Ya rasa amsar gaisuwar uwarsa Ya Rumasa'u har sai abin da hali ya yi. Makulli kuma ya koma aljihun da ya fito.

Jana'iza ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Ba wanka, ya sha isasshe. Ba zaman makoki, mai son yin ta'aziyya ya taho da gwangwanin tumatir. Za a ɗaure ragowar marigayi a ɗora wa Yazid a ka, ya taka da ƙafarsa daga Sabon Layi zuwa Kolere, ta hanyar nan ta laka, ba keke, ya sauke shi a gaban Gabdo ya yi masa bayani da bakinsa. Masu waya an ba su izinin ɗaukar hoto tun daga ƙofar shago har rumfar kafinta. Yaron yana son a gani.