Ƙwayar da Ba a Dakawa

Wannan a kan idona aka yi shi, ran kasuwar garinmu, a kemis ɗin Alhaji Hambali da ke bakin tasha. Na je sayen maganin mura, sai na tarar shago ya cika maƙil, kuma ba a sallamar kowa, saboda wani baƙo ya tare gaban kanta.

Tasi'u ake ce masa, ɗan tallan wani kamfanin magani ne daga birni. Irin samarin nan ne da za su yi kwas na wata uku su dawo da kwat, in ba ka ce musu Dakta ba su yi kamar ba da su kake ba. Ya buɗe jaka, ya baje takardu masu hoton zuciya da hanji, ya riƙe wata jar ƙwaya tsakanin yatsu biyu kamar mai tallan zobe. So yake Alhaji ya karɓi sabon maganinsu na hawan jini. Shi kuwa Alhaji, mutum ne mai kawaici, sai gyaɗa kai yake yana leƙen masu jira ta bayan kafaɗar baƙon.

Da ya ga jama'a sun taru, sai ya bar Alhaji ya juyo kanmu, ya mayar da mu 'yan aji. Ya ce wannan ƙwaya ba irin wadda muka saba haɗiya ba ce. Riga gare ta a kan riga, kamar albasa. In ta sauka ciki ba ta narkewa nan take, sai ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tana tafiya cikin hanji, tun daga safiyar yau har safiyar gobe. Mai shan magani sau uku a yini, yanzu sau ɗaya ya ishe shi. Maganar gaskiya abin ya burge ni, kuma da a nan ya tsaya da mun rabu lafiya. Amma ina. Ya shiga tarihin masu binciken da suka ƙirƙiro ta, da yawan shekarun da suka yi, da sunan sinadarin rigar farko da na ta biyu, yana yi yana cusa Turanci. Duk bayan jimla uku sai ya ce, “Na san ba lalle ku gane ba.” Wani mai ciwon haƙori ya gaji ya fice. Wata mai goyo ta zauna a kan kwali.

A gefena akwai Iya Kande, tsohuwa mai sayar da daddawa a layin 'yan kuka. Mijinta shekara biyu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ko ruwa da cokali ake ba shi. Maganinsa ya ƙare tun jiya, ta baro shi da maƙwabciya, tana ta duban rana don kada lokacin shan magani ya wuce. Duk da haka ta kasa kunne sosai, domin ta ji an ce sau ɗaya a yini, ita kuwa ita ta san wahalar sau uku.

Da ya tsaya shan numfashi, sai ta yi gyaran murya ta tambaye shi cikin ladabi. Ta ce malam ba ya iya haɗiyar ƙwaya, wadda yake sha yanzu likita ya ce ta riƙa murƙushe masa a cikin kunu. To wannan sabuwar, ita ma ana iya daka ta?

Tasi'u ya dube ta tun daga ɗankwali har silifa, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

“Kun ji matsalarmu ke nan,” in ji shi, yana kallonmu, ba ita ba. “Mutane sun ƙare rayuwarsu a ɗakin bincike, ke kuma kin zo da turmi. Iya, wannan ba daddawa ba ce.”

Ba wanda ya taya shi dariya. Alhaji Hambali ya ɗaure fuska, ya zagaya ya ɗauko wa Iya maganin da malam ya saba sha, ya ce mata a hankali ta tsaya a kan abin da likita ya rubuta, kada ta canza sai ta koma asibiti. Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane, ta yi godiya, ta juya za ta fita.

Amma Tasi'u bai gama da ita ba. Ya sha gabanta da ƙwayar a hannu, wai sai ta fahimta, don kada ta je ta kashe wani da jahilci. Ya sake ɗauko bayanin albasa tun daga tushe, wannan karon da ƙarfi, yana rarrabe kalmomi kamar mai magana da kurma. Ya yi minti biyar cur, tana tsaye tana kallon bakinsa.

“Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan,” in ji shi a ƙarshe. “Amfaninta duka a sakin kaɗan-kaɗan yake. Da zarar an daka ta, rigar ta fashe, duk abin da ke cikinta zai zubo lokaci guda, ya fi ƙarfin mutum, ya kayar da shi. Kin gane ko in maimaita?”

Iya Kande ta gyara mayafi, ta ce, “Na gane sarai, ɗana. Abu ɗaya ne ya rage mini. Kai wa ya daka ka kafin ka fito?”